Ƙofa Mai Lamba 5050

Ranar da Auta ta fara shiga shagon Mai Gyara, haushi ne ya kai ta. Kwana uku ke nan tana fama da manhajar hira da ta rubuta don aikinta na kammala karatu, ga shi saura mako guda ta tsaya gaban malamai. A kwamfutarta komai lafiya lau, in ta rubuta "sannu" a wannan tagar sai ya fito a waccan. Amma da zarar ƙawarta ta gwada shiga daga wata kwamfutar, sai jan rubutu ya bayyana: "An ƙi karɓar haɗi." Ita da kanta ta sa wa manhajar wannan saƙon da Hausa, yau ga shi yana mata gwalo.

Shagon ɗan tsukuku ne a jerin shagunan bayan makaranta, maƙale da na wata mai fotokofi. Wayoyi sun sarƙe a bango, fanka tana juyawa da ƙyar kamar an yi mata dole. Mai shagon dogo ne siriri, da ɗan sukudireba a saƙale bayan kunne.

"Kwamfutata ce ta lalace," in ji Auta, ta dire ta a kan tebur.

Ya buɗe, ya ɗan danna nan da can. "Lafiyarta ƙalau."

"To intanet ɗin makaranta ne."

"Shi ma ban ga laifinsa ba."

"To laifin wa ne?"

Murmushi kawai ya yi, kuma murmushin ya fi amsa ciwo. Auta ita ce ta ɗaya a ajinsu, a gida kuma ba a gama magana sai ta ɗora tata. Ta ja kujera ta zauna, ta naɗe hannu.

"Manhajarki kashi biyu ce," ya ce a natse. "Akwai saba, mai zama tana jiran baƙi. Akwai ta hannun mai hira, wadda ke zuwa ta ƙwanƙwasa. Adireshi shi ne gidan, fot kuma lambar ƙofa. Wace ƙofa kika ba ta?"

"Dubu biyar da hamsin. Na san duk wannan, malam."

"Na ga alama. Duba layin da kika buɗe soket, wato mahaɗar da saƙo ke bi. Kin ce saba ta saurari 127.0.0.1, wato ita kanta. Kin ɗauki mai gadi, kin ce kada ya buɗe wa kowa sai wanda yake cikin gida."

Ta zura wa layin ido. Kunya ta kama ta tun daga tafin ƙafa. Ta janyo kwamfutar da sauri ta goge lambobin ta sa sifili huɗu, wato a buɗe wa kowa, don kada ma ya riga ta.

Ya sunkuya ya kunna wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin tebur, ya ɗora mata manhajar, ya yi rubutu. Allon Auta ya yi ƙara.

"Salamu alaikum. An buɗe ƙofa?"

Ta so ta ɗaure fuska, fuskar ta ƙi. Ta rubuta: "An buɗe. Amma ba don ka fi ni iyawa ba ne."

"Ban ce ba, 'Yar Gardama."

Kafin ta tafi ya ba ta darasi biyu da ba ta roƙa ba. Na farko, ya ce in saƙo ya ce lokacin jira ya ƙare, to ba kowa a gidan, ko an ɗauke wuta ko hanya ta yanke. In kuwa aka ƙi karɓa nan take, na'urar tana raye, ƙofar ce ba mai saurare a bayanta. Na biyu, kada ta sake gwada ƙofa daga cikin ɗaki, ta riƙa fita waje tana ƙwanƙwasawa kamar baƙuwa.

"Na ji, Mai Gadi," ta ce, ta rataya jakarta. Sai da ta kai bakin titi ta tuna ba ta yi masa godiya ba, kuma abin ya tsaya mata a rai har gida.

Washegari ta koma, wai godiya ta je yi. Washegarin haka ma ta koma, wai tana neman inda saba za ta zauna a kunne dare da rana don gwaji. Ya nuna mata tsohuwar kwamfutar nan ta ƙarƙashin tebur. Ya saita rautar shagon, akwatin da ke raba intanet, yadda duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ta 5050 daga waje za a miƙa shi wajen tsohuwar. Ya kuma saita saba ta riƙa tashi da kanta duk lokacin da wuta ta dawo.

Auta ta ci jarrabawarta da yabo. Gwaji ya ƙare, amma ba wanda ya ce a kashe saba. Mutum biyu ne kacal suka rage a cikin manhajar, kuma hirarsu ta daɗe da barin zancen soket.

"Gardamata, kin ci abinci?"

"Na ci. Kai fa, ko ka sake cin sukudireba?"

"Tun safe nake gyara wata kwamfuta, na kunce ta sau biyu. Hankalina ba ya kanta."

"Yana ina?"

"Kin fi ni sani."

Ta kan karanta irin wannan sau biyar, ta kife wayar a ƙirji, ta sake ɗagowa ta karanta. Umma ce ta fara ganewa, don ba a ɓoye wa uwa irin wannan dariyar. Daga Umma kuwa zance bai daɗe ba ya isa kunnen Abba.

Abba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shekara talatin da biyar yana tantance wasiƙu. Mutum ne mai girmama takarda da tambari da aikin da ake zuwa ƙarfe takwas a tashi ƙarfe huɗu. Da ya ji mai gyaran kwamfuta ne a shagon haya, sai ya cire tabarau ya ajiye.

"Mai shago yau yana nan, gobe an ta da shi. Ga ɗan abokina, lauya, yaro mai natsuwa, tun bara yake aiko da gaisuwa."

"Abba, gaisuwar tasa ma ta fi awa guda."

"Ba wasa nake ba, Auta. Dole ba zan miki ba, ban yi wa yayyenki ba. Amma ina so in ga ko abin naku na gaske ne ko zaƙin murya ne. Wata guda, ba waya, ba zuwa shago, ba haɗuwa a hanya. Mai gaskiya rubutu yake yi. Ya rubuto, ki rubuta."

"Manhajata ma ai rubutu ce, Abba."

An kai minti ashirin ana wannan muhawarar, Umma tana daga kicin tana dariya ƙasa-ƙasa. Daga ƙarshe Abba ya yarda, da sharaɗi: saƙo ɗaya a rana kowannensu, kuma duk ranar da ya ga dama zai karanta. A makon ƙarshe zai sa ranar da yaron zai zo ya same shi. In ya zo, za a zauna. In bai zo ba, Auta za ta saurari Lauya da zuciya ɗaya. Da bakinta ta ce ta amince, don ko a mafarki ba ta ga abin da zai hana shi zuwa ba.

Abba ya sa aka kira Mai Gyara ƙofar gida, ya karɓi alkawarin daga bakinsa a tsaye, cikin minti biyar.

A ranar farko Auta ta rubuta saƙon da ta yi ta da-na-saninsa daga baya.

"Mai gadina, ni ba na son dogon bayani da ban haƙuri. In wata ya yi maka tsawo, zuciyarka ta canza, kada ka rubuta min komai. Kashe saba kawai, zan gane. In tawa ce ta canza, za ka ga na daina shigowa."

Amsarsa ta zo bayan la'asar.

"Na karɓa, tun da ke kika faɗa. Amma ki sani tsohuwar nan za ta gaji da zama a kunne."

Mako uku suka tafi daidai. Saƙo ɗaya a rana abu ne mai wuya ga mai baki irin na Auta, sai ta riƙa tara magana tun safe, tana gogewa tana sakewa. Shi kuma nasa gajere ne kullum, amma ba ranar da ya makara. Sau biyu Abba ya karɓi wayar ya karanta, ya mayar mata.

Ranar Litinin ta makon ƙarshe, suna karyawa, Abba ya ce, "Ki gaya masa Asabar, ƙarfe goma na safe. Goma, ba goma da minti biyar ba."

Da ƙyar ta iya jiran la'asar. Ta shiga ɗaki, ta zauna a bakin gado, ta buɗe manhajar.

"An ƙi karɓar haɗi."

Ta yi tsaki, ta sake dannawa. Jan rubutun ya dawo kafin ta ɗauke yatsa.

Ba ta tsorata ba tukuna, ai sana'arta ce. Ta duba lambar ƙofa, 5050 ce, ba abin da ya taɓa ta. Ta duba adireshi harafi bayan harafi. Ta bar intanet ɗin gida ta koma na layin waya. Ta buɗe kwamfuta ta sauke katangar tsaro gaba ɗaya, ko ita ce ke tare hanya. Ta goge manhajar ta sake ɗorawa. Ta ari wayar Umma, wai za ta duba mata wani abu, ta gwada a can. Amsa ɗaya ce ko'ina.

Sai ta aika ɗan gwajin nan da ke tambayar na'ura ko tana raye. Amsa ta dawo cikin ƙiftawar ido. A nan ne ta tsorata.

Da ma a ce lokacin jira ne ya ƙare, da ta ce wuta aka ɗauke ko waya ta tsinke. Amma ƙi aka yi, nan take. Shi ya koya mata ma'anar haka da bakinsa: na'ura tana raye, ba mai saurare a ƙofa. Kuma saba tana tashi da kanta ko an ɗauke wuta, a gabanta ya saita. Ba abin da zai rufe ta sai hannun mutum, kuma hannu ɗaya ne ke taɓa kwamfutar nan.

"Zan gane," ta ce a saƙonta. To ga shi ta gane, kuma ganewar ba daɗi.

Talata ta gwada sau goma sha ɗaya. Laraba ta daina ƙirgawa. Ta kasa zama wuri ɗaya, daga ɗaki zuwa falo, daga falo zuwa kicin, ta buɗe firji ta rufe ba ta ɗauki komai ba. Ta ɗauki rigar Abba za ta goge, ta tsaya a kan hannu ɗaya har sai da ƙauri ya tashi.

"Auta, rigar ce ta yi miki laifi?" in ji Umma, ta zare dutsen gugar daga hannunta. "Zauna. Me ya faru?"

"Ba komai, Umma."

"Ba komai ne ya sa kika rame cikin kwana biyu? Kun yi faɗa?"

"Ya rufe, Umma. Ya gaji."

"Ki kira shi mana ki ji daga bakinsa."

"Na yi wa Abba alkawari. Kuma ni na ce masa kada ya yi bayani. In kira in ce me? Don Allah ka so ni?"

Umma ta girgiza kai. "Ke da ubanki, ban san wanda ya fi wani taurin kai ba."

Lambarsa tana cikin wayarta. Ta kan buɗe ta, ta kalle ta, ta rufe. Wani lokaci haushi ya taso mata, ta ce ashe dogon banza ne, mako uku kawai ya iya. Can kuma sai ta tuna yadda yake sunkuyawa ya share ƙurar tsohuwar kwamfutar da gefen hannun rigarsa, sai hawaye. Asabar tana matsowa, kuma maganar da ta yi wa Abba tana nan daram.

Ranar Alhamis da yamma Lauya ya zo gaisuwa. Turarensa ya riga shi shiga falo. Ba mugun mutum ba ne, Allah Ya sani, sai dai in ya fara magana ba ya neman taimakon kowa. Auta ta kawo masa ruwa ta zauna a ɗaya kujerar, wayarta a cinya, tana dannawa a ɓoye.

Ya yi zancen kotu, ya yi zancen mota, ya gangaro kan wahalar buga takardu.

"Shekaranjiya ma sai da na je shagunan bayan makarantarku. Matar nan mai fotokofi ta sayi sabuwar firinta, abin sha'awa. Ba waya ko ɗaya, daga wayata na tura takardun suka fito. Ta ce ranar Litinin maƙwabcinta ya haɗa mata ita da intanet ɗinsa. Dogon nan. Na gan shi ma, ya yi zuru yana kallon ƙarƙashin tebur kamar wanda aka yi wa rasuwa."

Yatsan Auta ya tsaya.

"Ranar Litinin ka ce?"

"Haka ta ce. Da safe, wai ana cikin haɗawa ma aka ɗauke wuta."

"Da rautarsa aka haɗa ta?"

"Wannan kuma ban sani ba, ni lauya ne."

Ta miƙe tsaye, ta koma ta zauna, ta sake miƙewa. Sabuwar na'ura a kan rauta, ga ɗaukewar wuta. Rauta tana raba wa na'urori lambobin cikin gida ne duk lokacin da suka tashi, wanda ya riga farkawa shi ke fara karɓa. Gwajin da ta yi kuwa, wa ya ce tsohuwar ce ta amsa? Rauta ma tana amsawa. Kwana huɗu tana kuka a kan hukuncin da ta yanke daga bakin gado.

"Lafiya?" in ji Lauya.

"Lafiya lau. Na gode ƙwarai, wallahi na gode."

Ya tafi yana jin daɗi, bai san me aka gode masa a kai ba.

Ta sami Abba a baranda yana karanta jarida. Ta durƙusa a gefensa.

"Abba, ina neman izini in je shagon gobe."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Wata bai cika ba."

"Ba hira zan je ba, gyara zan je. Tun Litinin saƙona bai shiga ba, bai san ka sa rana ba. Ko dai ya rufe da gangan, ko kuma akwai matsala. In ya rufe ne, zan dawo in cika maka alkawarina, ba za ka ji bakina ba. Amma ba zan yarda in rasa shi a kan abin da ban duba ba."

Abba ya gyara zama. Ya naɗe jaridar.

"Saƙo ya kwana huɗu bai isa ba, kuma sai yau ake gaya min? Ni zan kai ki da kaina."

Da safe suka tafi a tsohuwar motarsa, wadda ba ta wuce gudun keke in Abba ne a sitiyari. Auta ta yi ta murza gefen mayafinta. In fa lissafinta kuskure ne? In suka shiga ya sunkuyar da kai ya ce ta yi haƙuri, a gaban Abba? Sau biyu ta buɗe baki za ta ce a juya.

Mai Gyara yana zaune a kan ɗan benci, ya haɗa allo da tsohuwar kwamfutar, ya tasa shi gaba. Ya faɗa, idanunsa sun zurma. Da ya ga Abba sai ya zabura, sukudireban ya faɗo daga kunnensa.

"Baba, sannu da zuwa. Ga kujera." Bai yarda ya kalli Auta ba.

"Ba wajenka na zo ba," in ji Abba, ya zauna. "Mai gyara na kawo."

Auta ta tsaya a tsakiyar shagon. "Ka kashe saba?"

Sai a lokacin ya ɗago. "Ni? Ga ta nan a kunne. Ke ce kika daina shigowa." Ya juyo mata da allon. "Ga rajistar masu shiga. Shigarki ta ƙarshe Lahadi ce. Daga nan ko ƙwanƙwasawa ba a yi ba."

"Na ƙwanƙwasa ya fi sau ɗari. Ƙi ake yi."

"Ba zai yiwu ba. Kullum sai na gwada, safe da yamma, tana karɓa."

"Daga ina ka gwada?"

Ya kalli tsohuwar kwamfutar, ya kalli ƙasa.

"Daga kanta," ya ce a hankali.

"Wa ya ce min kada in sake gwada ƙofa daga cikin ɗaki?"

"Ni ne."

"Matsa."

Ya matsa. Ta zauna a bencin, ta tambayi tsohuwar kwamfutar lambarta ta cikin gida. Lambar ta ƙare da tara. Ta buɗe shafin rauta, inda ya saita a riƙa miƙa baƙin ƙofa ta 5050. Can kuma bakwai ce a rubuce. Ta duba jerin na'urori ta ga mai riƙe da bakwai.

"Firinta," ta ce. Dariya da kuka suka taho mata tare. "Kwana huɗu firinta nake yi wa sallama."

Mai Gyara ya dafe kai da hannu biyu. "Da wuta ta dawo ita ta riga tashi, rauta ta ba ta lambar. Tun ranar farko na ce zan kafe wa tsohuwar kwamfutar lamba ta dindindin. Kullum sai in ce gobe."

Mai Fotokofi, wadda kunnenta ke bango tun shigowarsu, ta leƙo. "Ni dai firintata baiwar Allah ce, ba ta san kowa ba. Takarda aka ce ta buga." Ta ga Abba, ta gaishe shi, ta koma da sauri.

"Ku yi min bayani da Hausa," in ji Abba.

Auta ta yi masa. Ya saurara yana gyaɗa kai.

"Wato an canza wa gida lamba ba a sanar da gidan waya ba. Wasiƙa ta je gidan wani, ya ce bai san da ita ba, aka dawo da ita. Na ga irin wannan ya fi a ƙirga. Na san auren da ya mutu a kan haka." Ya juya wajen Mai Gyara. "Kai, kana da lambar wayarta?"

"Na haddace ta, Baba."

"Ka ɗauka ta bar ka, kwana huɗu, ga waya a aljihunka. Me ya hana ka kira?"

"Na yi maka alkawari a ƙofar gidanka."

Abba ya ciro hankici ya goge tabaransa, alhali ba abin da ya same su.

Auta ta mayar wa tsohuwar kwamfutar lambarta, ta kafe ta yadda ba za ta sake motsi ba. Sannan ta tashi ta fita har bakin titi, ta kashe intanet ɗin shagon a wayarta, ta ƙwanƙwasa daga waje kamar baƙuwa. Allon ya yi kore. Wayar ta yi ƙara sau huɗu a jere.

Ashe kullum yana rubuta nasa, saba tana ajiyewa.

"Litinin. Yau ba ki shigo ba. Wataƙila aiki ne ya yi miki yawa. Ki huta, Gardamata."

"Talata. Na gyara kwamfuta uku, ban san me na yi musu ba. Ina fata lafiya kike."

"Laraba. Na tuna abin da kika ce, in kin daina shigowa in gane. Ina ƙoƙarin ganewa, abin ya ƙi."

"Alhamis. In kin zaɓi wani, Allah Ya sa ya riƙe ki da kyau, ya bar ki ki yi gardamarki. Amma ni ban kashe ba. Cewa kika yi in kashe in zuciyata ta canza, ita kuwa ba ta canza ba."

Ta daɗe a bakin titin, masu wucewa suna kallonta, kafin ta iya komawa ciki. Abba ya miƙo hannu, don sharaɗi sharaɗi ne. Ya karanta duka huɗun a natse, ya koma kan na ƙarshe ya sake karantawa, ya mayar mata.

"Ba ki isar da saƙona ba har yanzu," ya ce.

Mai Gyara yana tsaye taku biyu daga inda take, amma ta sunkuyar da kai ta rubuta.

"Mai gadina, Abba ya ce ka zo gobe Asabar, ƙarfe goma. Ka yafe min, na yi maka mummunan zato."

Ya sunkuya kan tsohuwar ya rubuta amsa.

"Tara da rabi zan zo in tsaya a waje. Ni ma na yi miki, mun yi canjaras."

Ta fara rubuta amsa, Abba ya miƙe. "Saƙo ɗaya a rana na ce. Na yau ya ƙare. Wuce mu tafi."

Ya zo tara da kwata. Abba ya bar shi a waje har goma ta buga daidai, sannan ya buɗe masa da kansa. Zaman ya kai awa biyu, kuma rabinsa labarin wasiƙun da suka ɓata ne. Lauya da ya ji yadda aka yi, ya yi shiru na ɗan lokaci, abin da ba a taɓa gani ba, sannan ya ce ashe da bakinsa ya kayar da ƙararsa. Ya zo ɗaurin auren kuwa, har ya yi jawabi.

Bayan wata huɗu aka yi bikin. Mai Fotokofi ce ta buga katin gayyata a firintar nan, ta ce ai ita ma tana da hakki a ciki. Ranar da Auta za ta tare, Umma ta rungume ta tana kuka tana dariya, ta ce wa ango, "Ga ta nan, Allah Ya ba ka haƙuri da kunnen saurare."

A sabon ɗakinsu, ƙarƙashin teburin karatu, tsohuwar kwamfutar tana zaune a kunne. Abba ya gan ta da ya zo sa musu albarka. Ya tsaya a kanta, ya ɗan taɓa ta da sandarsa, sannan ya juyo ya dube su, 'yarsa da dogon mijinta.

"Ku biyun nan kun cika sani, shi ne ya kusa kai ku ƙasa. Duk ranar da ɗayanku ya ji shiru, ya taka da ƙafarsa ya je ya duba, kada ya zauna yana lissafi." Ya ɗaga hannu, suka ɗaga. "Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, Ya sa ku tsufa tare."

"Amin, Abba," in ji Auta. Karo na farko a rayuwarta ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.